Tarihin Gumakan Tagulla na Ƙasar Indiya: Daga Hannun Maƙeri Zuwa Shogilas

Bismillahir Rahmanir Rahim

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

SHIMFIƊA

Musabbabin wannan rubutu wata tambaya ce da wata ɗalibata ta yi mini a makarantarmu ta Islamiyya. Muna cikin karatun Suratu Nuh, na kawo bayanin da aka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (RA) a Sahihul Bukhari, cewa gumakan nan biyar da surar ta ambata asalinsu sunayen wasu salihan bayi ne, waɗanda bayan rasuwarsu aka kafa musu alamomi don tunawa, da zamani ya yi nisa, ilimi ya gushe, sai aka koma bauta musu. Sai ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, kawuna ya je Indiya neman magani, ya kawo mana tsarabar wani ɗan mutum-mutumi na tagulla, yaro ne ya harɗe ƙafa yana busa sarewa. Yana nan cikin shogilas ɗin mamarmu tare da kofuna. Shi ma gunki ne, ko kuwa ado ne kawai?"

Na fara ba ta amsar hukunci, to amma da ta ƙara da cewa, "Malam, wane ne yaron, kuma su me suka ɗauke shi?" sai na ji bakina ya yi nauyi. Mun tashi muna kallon fina-finan Indiya, mun ga ana kunna fitila a gaban irin waɗannan surori sau ba adadi, amma ƙalilan ne a cikinmu za su iya faɗin sunan ɗaya daga ciki, balle tarihinsa. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wannan ya sa na nemi ta ba ni lokaci, na zauna na yi nazari, abin da na samu kuma shi ne nake son mu yi tarayya a cikinsa. Mai karatu zai ga yadda ƙarfe guda ya riƙa sauya matsayi a tsawon fiye da shekara 1,000: yau abin bauta, gobe ganimar yaƙi, jibi kayan tarihi, gata kuma hajar kasuwa.

MENE NE AVATARA?

Kalmar avatara ta harshen Sanskrit ce, tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar Indiya, ma'anarta kuwa ita ce saukowa. Ma'abota intanet sun san ta ta wata fuskar, domin ita aka ara aka raɗa wa ɗan hoton da mutum yake sanyawa ya wakilce shi a dandalin hira ko a wasan kwamfuta. Amma a asalinta kalma ce ta aƙida. Mabiya Vishnu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar addinin Hindu, sun yi imani da cewa duk lokacin da zalunci ya yi kanta a duniya, yakan sauko a cikin surar wata halitta don ya daidaita al'amura. Wanda ya karanci littattafan aƙida zai tuna da mas'alar hululi, wato da'awar cewa Mahalicci yana shiga jikin abin halitta, wadda Musulunci ya kore ta baki ɗaya.

Littattafansu sun ambaci saukowa masu yawa, amma goma ne suka fi shahara: Matsya, kifi, Kurma, kunkuru, Varaha, aladen daji, Narasimha, mai jikin mutum da kan zaki, Vamana, wada, Parashurama, mai gatari, Rama, ɗan sarkin Ayodhya, Krishna, sai Buddha, wanda a wasu jerin ake sanya Balarama, yayan Krishna, a gurbinsa, na ƙarshe shi ne Kalki, wanda suke cewa bai zo ba tukuna, sai ƙarshen zamani zai bayyana a kan farin doki.

Kowanne yana da alamar da ake shaida shi da ita. Vishnu kansa hannu huɗu ake yi masa, yana riƙe da ƙatuwar katantanwar teku, da faifan yaƙi, da kulki, da furen bado. Rama hannu biyu ne, na hagu a ɗage kamar mai riƙe da baka, a gefensa kuma matarsa Sita, da ƙanensa Lakshmana, da birin nan Hanuman. Krishna ya fi kowa yawan kamanni: jariri mai rarrafe da curin man shanu a hannu, ko yaro mai rawa a kan maciji, ko makiyayi mai busa sarewa, wanda suke kira Venugopala. Wannan na ƙarshe shi ne ke cikin shogilas ɗin su ɗalibata. Shi kuwa mai rawa a cikin da'irar wuta, wanda ake kira Nataraja, Shiva ne, ba ya cikin goman nan, sai dai maƙeransu ɗaya ne, kuma zai shigo cikin labarinmu nan gaba.

ASALIN SURANTAWA

Sana'ar zubin tagulla tsohuwa ce ƙwarai a wannan yanki. A shekarar 1926 masu tonon kayan tarihi suka gano wani ɗan mutum-mutumin yarinya a kufan Mohenjo-daro, cikin Pakistan ta yau, tsawonsa bai kai santimita 11 ba, shekarunsa kuwa kimanin 4,000. Yana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Delhi.

To amma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tsohon addinin littattafan Veda, waɗanda Hindu suke ɗauka a matsayin tushensu, bai ginu a kan gumaka ba. Ibadarsa ita ce zuba hadaya a cikin wuta da karanta addu'o'i. Surantawa daga baya ta zo. Daga cikin tsofaffin surorin Krishna da aka sani akwai wadda ke jikin kuɗin azurfa na wani sarki Bagirke mai suna Agathocles, wanda ya yi mulki kimanin shekara 180 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kuma tono kuɗin ne a Ai-Khanoum, arewacin Afganistan. A ƙarni na 1 da na 2 Miladiyya birnin Mathura ya zama cibiyar masassaƙa, sannan a wajejen shekara ta 400, zamanin daular Gupta, aka sassaƙa ƙaton Varaha a jikin dutsen Udayagiri da ke tsakiyar Indiya.

ZAMANIN DAULAR CHOLA

Mafi yawan waɗancan na dutse ne. Tagulla ta sami ɗaukakarta ne a can ƙuryar kudu, ƙasar Tamil, kuma akwai dalili. Tsakanin ƙarni na 6 da na 9 aka yi wasu mashahuran masu begen addini, 12 na ɓangaren Vishnu da ake kira Alvar, 63 na ɓangaren Shiva da ake kira Nayanmar, waɗanda suka cusa wa jama'a son abin bauta kamar yadda ake son sarki ko masoyi. Sarki kuwa ba ya dawwama a cikin fada, yakan fito rangadi. Babban gunkin haikali na dutse ne, a kafe yake a cikin ɗaki mai duhu wanda ba mai shiga sai malamansu, wasu jinsin mutane ma da ake ƙasƙantarwa a wancan zamanin ba a barinsu su taka harabar. Saboda haka aka buƙaci gunki na biyu wanda za a iya ɗauka, a yi masa ado da alharini da furanni da zinariya, a zaga gari da shi ranar biki kowa ya gani. Shi ya sa za ka ga huda ko zobba a gindin tsofaffin gumakan, nan ne ake zura sanduna ko igiya idan za a ɗauka.

Daular Chola ta kafu a Thanjavur a wajejen shekarar 850, ta kuma ɗore har zuwa 1279. A ƙarni na 10 wata sarauniyarsu, Sembiyan Mahadevi, ta shafe shekaru masu yawa tana gina haikalai tana sa a zuba musu gumaka. Bayanta sai sarki Rajaraja na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014, ya gina babban haikalin Brihadisvara, aka kammala shi a 1010, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A jikin bangonsa an sassaƙa rubutu mai lissafa gumakan ƙarfe fiye da 60 da sarkin da yayarsa Kundavai da matansa da fadawansa suka bayar, tare da tsawon kowanne, da nauyin zinariyar adonsa, da adadin lu'ulu'un da ke jiki. Mafi yawansu sun ɓace, rubutun dutsen ne ya saura. Daga cikin na zamanin da suka tsira akwai Rama da iyalinsa da aka samo a ƙauyen Vadakkuppanaiyur, waɗanda suke gidan tarihi na birnin Chennai.

YADDA AKE ZUBIN

Har yau ana wannan sana'a a garin Swamimalai, kusa da Kumbakonam, a bakin kogin Kaveri. Maƙeran ana kiransu sthapati, gadon gidansu ne, suna kuma danganta kansu da maƙeran zamanin Rajaraja.

Maƙeri yakan fara da awo. Ba ya kallon wani mutum ya kwaikwaya, yana bin ƙa'idojin littattafan sana'a da ake kira Shilpa Shastra. Ma'auninsu shi ne tala, wato tsawon fuska, wanda yake daidai da faɗin yatsa 12, kuma mafi darajar ababen bautarsu ana yi musu tsawon faɗin yatsa 124. Yakan yanki ganyen kwakwa daidai tsawon da ake so, ya nannaɗe shi gaɓa-gaɓa, ya zame masa ma'auni. Daga nan sai ya narka kakin zuma ya haɗa da ƙaro da ɗan mai, ya siffanta surar gaba ɗayanta da wannan kakin, ya maƙala mata wasu 'yan hanyoyi na kaki waɗanda ƙarfe zai bi. Sai ya shafe ta da laka mai laushi ta bakin kogin, mai ɗaukar ko da zanen yatsa, ya ƙara yumɓu mai kauri a kai, ya ɗaure da waya, ya shanya ta bushe.

Idan ta bushe sai a gasa ta, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a cikin yumɓun. A cikin wannan gurbi ake ɗura narkakken ƙarfe, mafi yawansa jan ƙarfe. Na ibada suna kiransa panchaloha, wato ƙarfe biyar, domin akan jefa ɗan abin da ya sauƙaƙa na zinariya da azurfa a ciki. Idan ya huce sai a fasa yumɓun, a shiga sassaƙa da goge-goge na makonni. Tunda kakin ya narke, yumɓun kuma an fasa shi, ba a samun biyu iri ɗaya. Wannan hanyar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin da ita aka zuba kayan tagulla na Igbo-Ukwu, da na Ile-Ife, da na Benin.

Abu na ƙarshe da ake yi shi ne buɗe ido. Ana barin ƙwayar idon ba a zana ba har sai ranar da za a ƙaddamar da shi, sannan a zana ta a cikin wani biki, a kuma yi abin da suke kira prana pratishtha, wato kafa numfashi. A wajensu kafin wannan biki ƙarfe ne kawai, bayansa kuwa abin bauta ya sauka a ciki. Maƙeran garin nan ne suka zuba ƙaton Nataraja mai tsawon ƙafa 27 da nauyin kimanin tan 18 wanda aka kafa a Delhi lokacin taron ƙasashen G20 a 2023.

ABIN DA ALBIRUNI YA RUBUTA

A daidai lokacin da sarakunan Chola suke kan ganiyarsu a kudu, a can arewa maso yamma wani malami Musulmi yana zaune yana koyon Sanskrit. Shi ne Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973. Ya zo Ghazna ne a hannun Sarkin Musulmi Mahmud, ya kuma kammala littafinsa Tahƙiƙu Ma Lil Hind a wajejen 1030. Tun a gabatarwa ya bayyana cewa ba littafin jayayya yake rubutawa ba, zai kawo maganar mutanen ne kamar yadda take.

Ya keɓe babi guda a kan asalin bautar gumaka. A ganinsa, zukatan gama-garin mutane sun fi karkata ga abin da ido yake gani, abin da sai da hankali ake riskarsa kuwa ƙalilan ne suke iya riƙe shi. Don haka ake fara yin sura don tunawa da wani abin girmamawa, da tafiya ta yi tafiya sai a manta dalili, girmamawar ta zama al'ada. Mai karatu zai ga kusancin wannan da bayanin Ibn Abbas. Bai kuma tsame Musulmi daga wannan rauni ba, domin ya nuna cewa da za a nuna wa wanda ba shi da ilimi hoton Ka'aba, da sai ya sumbace shi ya shafa a fuska kamar ainihin Ɗakin yake gani. Ya ambaci cewa masana daga cikin Hindu suna magana a kan Ubangiji ɗaya, ya kuma fassaro ƙa'idojin awon gumaka daga littafin Varahamihira, malamin taurari na ƙarni na 6, har da cewa Rama ana yi masa tsawon faɗin yatsa 120.

Akwai kuma abin da ya shafi batunmu kai tsaye. Ya ba da labarin wani gunkin Vishnu na tagulla a garin Thanesar, mai suna Chakrasvamin, wato ma'abocin faifan yaƙi, girmansa ya kusa na mutum, wanda a zamaninsa yana yashe a filin sukuwa na Ghazna. Duk da yana ƙarƙashin inuwar gidan sarautar, bai ɓoye ba cewa hare-haren Mahmud sun rusa arzikin ƙasar, sun kuma dasa ƙiyayyar Musulmi a zukatan mutanenta.

GANIMA DA BINNEWA

Adalci ya wajabta mu faɗi tarihin nan ta kowane ɓangare. Tun da gunkin haikalin sarki alama ce ta mulkinsa, wanda ya ci shi da yaƙi yakan ɗauke gunkin, kuma sarakunan Hindu sun yi wa junansu haka. Rajadhiraja na Chola ya ɗauko wani mutum-mutumin mai gadin ƙofa daga Kalyani, babban birnin abokan gabarsa, aka rubuta labarin nasarar a jikinsa. Krishnadevaraya na Vijayanagara ya ɗauko gunkin Krishna daga wata ganuwa da ya ci a farkon ƙarni na 16, ya gina masa haikali a Hampi. Littafin tarihin Kashmir, Rajatarangini, ya ba da labarin sarki Harsha, wanda ya yi mulki daga 1089 zuwa 1101, har ma'aikaci ya naɗa na tumɓuke gumaka a narkar don cika taska.

Haka nan rundunonin sarakunan Delhi Musulmi sun yi nasu. A 1311 Malik Kafur, kwamandan Alauddin Khalji, ya kai hari ƙasar Tamil ya kwashi dukiyar haikalai, a 1323 kuma wata runduna ta sake zuwa. Masu hidimar haikalin Srirangam, mafi girman cibiyar Vishnu a kudu, suka gudu da gunkinsu na zagaye, bai koma mazauninsa ba sai a 1371. Waɗanda ba su iya gudu da nasu ba sai suka binne. Wasu sun dawo sun tono, wasu kuwa sun mutu da sirrin wurin. Shi ya sa har zuwa zamaninmu fatanyar manomi ko shebur ɗin magini kan ci karo da su. A 1987, a ƙauyen Esalam, masu gyaran haikali suka tono gumakan tagulla 23 tare da faifan jan ƙarfe mai ɗauke da rubutun sarki Rajendra na Chola. Masana suna danganta yawancin binne-binnen da ƙarni na 14, wasu kuma da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya. Abin lura a nan shi ne, binnewar ce ta tsirar da su daga narkarwa.

GUNKI A GABAN ALƘALI

A ƙarni na 20 sai wata sabuwar fitina ta same su, wato kasuwa. Da Turawa suka fara ɗaukar tagullar Chola a matsayin fasaha ta ƙoli, farashinta ya tashi, ɓarayi suka shigo. Indiya ta yi doka a 1972 wadda ta hana ɗaiɗaikun mutane fitar da kayan tarihin da suka shekara 100, amma satar ba ta tsaya ba.

A 1976 wani lebura ya tono gumaka a ƙauyen Pathur, ya sayar da Nataraja da ke cikinsu a kan kuɗi ƙalilan. Ya bi hannun dillalai har Landan, inda wani kamfanin Kanada ya saya a 1982, 'yan sanda kuma suka kama shi. Daga cikin hujjojin da aka kawo a kotu har da sawun gara da ke jikinsa, wanda ya yi daidai da na 'yan'uwansa da aka bari a Indiya. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta amince cewa haikalin kansa yana da ikon shigar da ƙara, aka mayar da gunkin. Wannan ya samo asali ne daga dokar Indiya, wadda take ɗaukar gunkin da aka ƙaddamar kamar mutum mai iya mallakar dukiya, kamar yadda aka tabbatar tun 1925 a wata shari'ar gunkin gida ta birnin Kalkata. Da wannan ƙa'ida ce aka shigar da Rama cikin masu ƙara a shari'ar filin Masallacin Babri, wanda aka rusa a 1992, kotun ƙolin Indiya kuma ta ba ɓangarensa filin a 2019, duk da ta ce rusa masallacin saɓa wa doka ne.

A 2011 aka kama wani dillali mai shago a New York, Subhash Kapoor, a ƙasar Jamus, kotun Kumbakonam ta ɗaure shi shekara 10 a 2022. Wani Nataraja da ya sayar wa gidan tarihi na Ostiraliya an mayar da shi a 2014. A 2020 kuma aka mayar da Rama da Sita da Lakshmana daga Landan, waɗanda aka sace a 1978 daga haikalin Anandamangalam, bayan an shaida su da hotunan da wata cibiyar binciken Faransa da ke Pondicherry ta ɗauka a 1958.

A CIKIN GIDA

Duk wannan labarin manya ne. A gefensu kuwa, tun da daɗewa, akwai ƙanana na cikin gida, waɗanda aka fi so kada su wuce taƙi ɗaya. Gidan Hindu yakan keɓe ɗaki ko lungu ko ɗan kanta, inda ake yin abin da suke kira puja. Ana ɗaukar gunkin kamar baƙo mai daraja: a yi masa wanka, a sa masa sutura, a shafa masa sandal, a kunna turaren wuta da fitila, a ajiye masa abinci, sannan iyali su ci abin da ya rage a matsayin tabarruki a ganinsu. Jaririn Krishna ma har shimfiɗa ake yi masa da dare. Saboda yawan wanka da shafa na shekara da shekaru, za ka ga tsofaffin na gida fuskarsu ta side, hanci da ido sun shafe.

Idan ka tambayi masu iliminsu za su ce ba ƙarfen suke bauta wa ba, wanda ya sauka a cikinsa suke nufi, ko kuma surar tana taimaka musu ne wajen tattara tunani. A cikinsu kuma akwai waɗanda suka yi watsi da gumaka ɗungurungum, irin su Ram Mohan Roy da ya kafa ƙungiyar Brahmo a 1828, da Dayananda Saraswati da ya kafa Arya Samaj a 1875, yana kafa hujja da cewa littattafan Veda ba su zo da haka ba.

Mafi yawan abin da ake sayarwa a shagunan tsaraba da na intanet ba zubin kaki ba ne. Ana buga su ne da yawa a gurbin yashi, da farar tagulla mai araha, a garuruwa irin su Aligarh da Moradabad, inda da yawa daga cikin ma'aikatan tagullar Musulmi ne. A kanta ɗaya za ka ga Bahindu ya saya ya kai ɗakin bauta, ɗan yawon buɗe ido ya saya ya ɗora a tebur, shi kuma kawun ɗalibata ya saya yana zaton hoton wani makiyayi ne irin namu.

KAMMALAWA

Da na koma aji na ba ɗalibata amsa kamar haka: yaron nan Krishna ne, wanda miliyoyin mutane suke ɗauka a matsayin abin bautarsu da ya sauko duniya. Harɗe ƙafar da sarewar ba ƙirƙirar maƙeri ba ce, siffa ce ta addini mai suna da ƙa'ida. Gaskiya ne cewa su kansu ba sa ɗaukar wanda ba a yi wa bikin kafa numfashi ba daidai da na haikali, amma wannan bai raba surar da ma'anarta ba. Kawunki bai yi da nufi ba, kada a ci masa fuska, sai dai gidan Musulmi ba mazaunin wannan ba ne, a sanar da Mama cikin ladabi a cire shi. Bayan mako guda ta zo ta ce an cire, kawun ma da ya ji bayani ya ce da ya sani da turare ya sayo.

Na kuma ja kunnen ajin a kan zagi da izgili, domin aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. A yau matasanmu suna haɗuwa da Indiyawa a jami'o'i da asibitoci da dandalin intanet. Wanda bai san abin da suke faɗa ba, ɗayan biyu ne zai same shi: ko kyawun aikin ya ruɗe shi ya shigo da shi ɗaka, ko ya yi musu ƙaryar abin da ba su ce ba, su kuma su daina sauraronsa. Albiruni ya koyi harshensu, ya karanta littattafansu, ya faɗi nasu ya faɗi namu, bai kuma bar tauhidinsa ba. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da ɗalibin ilimi.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya tabbatar da mu a kan tauhidi, Ya ƙara mana ilimi mai amfani da adalci ga kowa.